Tukunyar da Na Hana Baba

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma Baba ya riga mu isa. Baba uban maigidana ne. Suruka ba ta kama sunan uban mijinta. Ban kama shi yana raye ba, ba kuma zan kama shi a takarda ba don ƙasa ta rufe masa ido.

Ranar sadakar ukunsa abinci bai fita da wuri ba, kuma ni ce sanadi. Mutane sun zo daga Illela, sun zo daga Tsarnawa, wasu sun hau motocin siminti daga Malbaza sunka sauka bakin titi sunka ƙarasa da ƙafa. Rana ta take tsaka ba a kai wa maza ko akushi ɗaya ba. Na aro ƙananan tukwane gida-gida na jera su a kan murahu, kowace in ta nuna ba ta wuce cikin mutum biyar. Babbar tukunyar taro kuwa, wadda ke ciyar da gari a tashi ɗaya, tana kife bayan rumbu, na ɗora mata turmi.

Goggon maigidana ta zo ta tsaya a kaina. "Ke, wai mi ke damunki? Ga tukunya can kife, kina muna dahuwa awa mai wasan yara? So kike a ce gidanga an yi rowar sadaka?"

Na ce, "Goggo, wadda duk ta taɓa tukunyar can, ni da ita."

Ta juya ga sauran mata ta tafa hannu. "To! Ciwon tsohon ya koma kanta."

Ta bayan zana ina jin maza. Wani ya ce mutumin kirki ne, Allah ya jiƙan shi, ba don abin nan na ƙarshe ba. Wani ya ce ai aljanun ramin ne sunka biyo shi gida. Liman ya ce a faɗi alheri ko a yi shiru. Sai anka zaɓi shirun.

Akwai baƙo guda da ba wanda ya sani, dogo, ramamme, da rawani har bisa hanci. Da anka aje masa akushi bai buɗe ba, ya aiko a kira surukar gidan. Na same shi bakin zaure.

"A cikin mi anka dahwa wanga?"

"Tukunyar ƙasa."

Ya buɗe akushin. Kafin ya sa hannu ya ce, "Ya gama tarawa?"

Na ce, "Saura ɗaya."

Ya ce, "Mu tara munka ruhe ramin nan. Yau saura ni." Ya juya kai ya yi tari cikin rawani. Na san tarin. Shi na shekara biyu ina ji ta bayan katanga.

Gari ya riga ya yanke cewa Baba ya mutu da taɓin hankali. Ƙarya ne. Da furfura a kaina na shiga yaƙi da jahilci, rubutuna ba kyau gare shi ba, amma ya isa ya ƙaryata gari.

Baba ya tafi arewa bayan babban fari, lokacin da rumbuna sunka zama ɗakin ɓeraye. Can cikin hamada ya sami aiki a ramin haƙar wani dutse da ake kira iraniyom. Sanda anka kawo ni gidan yana can, sai labarinsa da saƙon shayi da sukari. Da ya dawo, in ya so hira, yakan ce ramin ba irin rijiya ba ne, hanya ce mai gangara wadda mota ke shiga, ka yi ta sauka har ka manta inda alƙibla take. Hular kwano a ka, fitila a goshi. Dutsen kuma ba abin kallo ba, baƙi-baƙi ne kawai. In anka niƙa shi anka jiƙa anka tace sai ya koma rawaya kamar garin ɗorawa, a ɗura a tano, wato gangar ƙarfe, a yi teku da shi.

Inna, matarsa, takan ce, "Su yi mi da shi?"

"Wuta, tsohuwa. Garuruwansu duka da shi suke haske."

"Kai kuma ka dawo kana neman ashana."

Ya ce akwai wani ɗan abu da ake maƙala musu a ƙirji, duk wata a karɓe a ba su sabo, wai yana auna abin da jiki ya sha. Ba a taɓa gaya masa nawa ya sha ba. Akwai kuma wani akwati da Anasara ke yawo da shi, in ya kusanci dutsen sai ya kama kuka kamar gyare. Abin da akwatin ke ji, mutum ba ya jin sa. Ba ya wari, ba ya ɗaci, ba ya ƙuna. Daga nan Baba ya samo maganarsa, wadda yake yi ko a kan mutane: macijin da ke huci mai adalci ne.

Da kasuwar dutsen ta faɗi sai anka yi ta sallamar ma'aikata, anka ce za a rufe ramin da yake ciki. Shi da mutum takwas anka bari su yi rufin. Wannan labarin sau ɗaya na ji ya ba da shi. Ya ce ranar da anka kashe injin da ke hura iska ƙasa, sunka tsaya a bakin gangaren, karo na farko cikin shekaru ba ƙarar komai. Can sai sunka ji ramin yana fitar da iska mai ɗumi a fuskokinsu, a hankali, ya tsaya, ya sake. Anka kashe injin jan ruwa, ruwa ya fara tasowa daga ƙasa yana cin hanyoyin da sunka haƙa. Manyan injuna anka bar su ciki, an ce ba masu fitowa ba ne. Sannan sunka gine bakin da siminti. Ya ce da ya duba buhunan ya ga na Malbaza ne, ya ji kamar ya ga ɗan'uwa.

Bayan shingen waya kuwa akwai tsibin tarkace: tiyo na ƙarfe, tano, faranta, guntayen tankuna. Ba wanda ya ce ku ɗauka. Ba wanda ya ce ku bari.

A wurinmu namijin da ya daɗe a waje ba ya shigo gari hannu biyu. Wanda ya yi damina ɗaya a Legas ma yana zuwa da sabulu da turmin zane, balle wanda ya shekara goma sha wani abu. Baba ya cika bayan babbar mota da ƙarfe. Ranar da ya iso anka yi guɗa. Kowane gida ya samu: wannan tanon aje ruwa, wancan farantin da zai zama ƙyaure, masallaci ya sami indararo, maƙeri ya yi wata guda yana ƙera kalme da hauya. Ƙarfe ne mai kyau, ba ya tsatsa, ba ya lanƙwashewa. Ni kuma ya ba ni gindin wani tanki da anka yanke, mai faɗin da yaro zai kwanta ciki. Maƙeri ya sa masa kunnuwa.

Ba zan ɓoye ba, tukunyar nan ta mai da ni mutum. Biki ko suna ko sadaka, a garinmu da ƙauyukan gefe, sai an zo an durƙusa mini. Inda ta je nan nake zuwa, ni ke riƙe da muciya, ni ke cewa a ƙara wuta. Matar da da ba a tambayarta ko gishiri ya ji.

Shekara shida muna haka. Baba yana noma geronsa, yana da ɗabi'unsa da muke dariya: ba ya cin abinci sai ya wanke hannu har gwiwa, ba ya shiga ɗaki da rigar da ya yi aiki da ita, ba ya son ɗaki a rufe. Sai wata ranar kasuwa wani direba ya kawo masa kaset daga arewa. Lokacin haka ake aika wasiƙa in ba a iya rubutu ba. Ya sa a rediyo a tsakar gida, da hantsi, muna sussuka.

Muryar abokin aikinsa ce, wannan dogon da ya zo ta'aziyya. Ya yi gaisuwa, ya gaida Inna, ya tambayi damina. Sannan ya fara kiran sunaye. Wane ya rasu. Wane ya rasu. Wane yana kwance, tari. Ya ce wani ma'aikacin asibiti ya ari akwatin nan ya zagaya da shi unguwarsu. Ya ce, "Saurara. Wanga ƙyauren ɗakina ne, da na ɗauko inda ka ɗauko naka."

Sai munka ji. Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas. Sannan ya haɗe, kamar an watsa ruwa cikin mai mai zafi. Taɓarya ta tsaya a hannun kowa. Kaset ya yi ta wannan kukan, ba muryar mutum, har ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Baba bai motsa ba. Idonsa yana kan ƙyauren ɗakin Inna.

Washegari ya cire shi.

Abin da ya biyo baya shi gari ke kira hauka. Ya sayar da shanunsa biyu, ya sayi amalanken jaki, ya bi gida-gida. Ya yi sallama, ya durƙusa wa waɗanda ya haifa, ya ce a ba shi tsarabarsa. Mai tano ya ba shi randa, mai ƙyaure ya sa a yi masa na katako, mai kalme ya ba shi sabuwa. Abin da ya tara sai ya kai wani fako da ke arewa da gari, inda ko ƙaya ba ta fita, nesa da kowace rijiya. Ya haƙa, ya binne, ya shafe da siminti kamar yadda ya ga an yi wa ramin.

Sai dai a wurinmu ba a karɓe kyauta. Gara ka yi sata, ɓarawo ana cewa yunwa ce. Yara sunka sa masa Baba Kyauta-Karɓe. Wasu gidajen sunka jefo masa ƙarfen ta kan katanga don kada su ga fuskarsa. Ranar da ya hau tsani zai cire indararon masallaci, Liman ya fito.

"Malam, kai ba yaro ba ne. Ka san abin da anka kwatanta mai karɓe kyauta da shi."

Baba yana bisa tsani ya ce, "Na sani, Liman. Kare da amansa. To ni ne karen. Gara in lashe abina da jikokinka su taka."

Liman ya riƙe masa tsanin. Wannan in an tashi ba da labari ba a faɗin sa.

Ni ya bari ƙarshe. Ya zo ƙofar ɗakina da la'asar ya yi gyaran murya. Bisa al'ada sai in durƙusa in kau da kai, in amsa da "to". Ranar na miƙe tsaye na dube shi cikin ido.

Ya ce, "Ɗiyata, tankin nan cikinsa ake jiƙa dutsen. Duk abin da na kawo ba wanda ya kai shi kusa da abin."

Na ce, "Baba, shekara shida ina dahuwa cikinta. Wa ta kashe?"

"Ban sani ba."

"Tana wari?"

"A'a."

"Tuwonta na ɗaci?"

"A'a."

"Akwatin nan naku ya taɓa kuka kanta?"

"Babu akwati ƙasarga."

"Ashe kai ma ba ka san ko akwai abin cikinta ba."

"Ban sani ba. Da na sani da na huta."

Na ce to in ya gaji da hankalinsa ni ban gaji da nawa ba, kuma wanda ya ba da kyauta ya manta hanyarta. Inna ta saki salati daga bakin murhu. Maigidana ya taso zai shiga ya fiddo tukunyar da ƙarfi, Baba ya ɗaga masa hannu. "Bar ta. Da hannuna na ba ta. Sai ta miƙo da nata."

Daga ranar bai ƙara cin abincin taro ba. In ana biki sai ya zauna can nesa gindin itacen bedi, yana kallon yara suna cin tuwo. Yana bin loma da ido daga akushi har baki. Na sha juya masa baya don kada in gani, amma ina jin idon a wuyana.

Autata tana da shekara huɗu lokacin. In an kwashe tuwo ita ke shiga cikin tukunyar da ƙafafunta ta zauna tana kankarar ƙanzo, mata suna dariya. Damina biyu bayan faɗana da Baba ta fara ramewa. Ta yi fari, hanci yana zubar da jini ba dalili. A asibiti wani ya ce jininta ne ya lalace, wani ya ce zazzaɓi ne ya daɗe a jiki. Kafin a yanke gero ta tafi.

Da anka dawo daga maƙabarta na zauna ina jiransa. Na shirya. Na san abin da zai ce, na kuma san na cancanci in ji. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, dattijo a ƙofar suruka, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

Ya ce, "Ɗiyata, yara na mutuwa garinga tun ba a gina ramin nan ba. Biyu na binne da hannuna kahin in san hanyar arewa. Kada ki aza ma kanki abin da Allah bai nuna miki ba."

Ya tashi ya tafi. Bai ƙara tambayata tukunyar ba har ya bar duniya.

Mai karatu zai ce to sai ta ba shi. Ban ba shi ba. Wata uku bayan haka na ɗora ta a wuta a wani suna, na ci gaba. Dalilin ba girman kai ba ne kuma. In na fitar da tukunyar nan na kai fako, na faɗa wa gari duka, na faɗa wa kaina, abin da nake tsoro game da ɗiyata. Muddin tana kan murhu, zazzaɓi ne. Don in tsira da wannan na ci gaba da ciyar da ƴaƴan mutane a cikinta. Yara kawai na hana shiga cin ƙanzo. Wanda zai zage ni ya zage ni a nan, ba sai ya jira na mutu ba.

Tarin Baba ya fara a hankali. Ya bar noma, ya bar zuwa kasuwa, riga ta yi masa yawa. Asibiti sun ce huhu ne, ba su ce daga ina ba, shi ma bai tambaya ba. Bai daina tsokanar Inna ba. In ta kawo masa magani sai ya ce, "Tsohuwa, kin ƙosa ki yi takaba ki huta da daka."

Ana saura kwana kaɗan, da hantsi, na kai masa kunu gindin bedi. Ya karɓi ƙwaryar bai sha ba.

"In lokacin ya yi, mutane za su taru."

Na ce, "Za su taru."

Ya tsaya yana duban kunun. Can na ce, "Akwai ƙananan tukwane cikin gari, Baba."

Ya ɗaga ƙwaryar ya shanye.

Haka na yi sadakar uku, haka na yi ta bakwai da ta arba'in, ana zagina. Na ɗauka in na bar ta kife bayan rumbu shi ke nan. Sai labari ya bazu cewa na daina aiki da ita. Goggo ta ce a ba ɗiyarta, tun da ni na haukace. Wani mai sayen tsohon ƙarfe daga tsallaken iyaka ya zo har gida yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, yana yaba kaurinta. Na ga in na ƙara kwana biyu za ta koma kan wuta a wani gari, inda ba wanda ya taɓa jin kaset ɗin nan.

Na ce wa maigidana ya ɗaura jaki, mu kai tukunyar fako. Ya ce mu bi ta bayan gari. Na ce ta tsakiya za mu bi, kuma da rana tsaka. Mata sunka fito ƙofar gidaje. Wata ta ce, "Ashe ke ma kin bi sahu?"

Na tsai da jakin. Na ce da ƙarfi yadda na bayan katanga za su ji, "Kun san wadda ke shiga cikinta tana cin ƙanzo. Ban san ko ita ta kashe min ɗiya ba. Ban sani ba. Wadda ta sani ta zo ta ɗauka, na ba ta."

Ba wadda ta motsa.

Ban taɓa zuwa fakon ba sai ranar. Fili ne ja, ba inuwa, ba kukan tsuntsu. Ga shafen siminti nan jere a ƙasa, dogo da gajere, ba rubutu a kan ko ɗaya. Na ce wa maigidana ya sauko da diga mu fara. Bai sauko da ita ba, ya ja jakin zuwa ƙarshen layi.

Rami ne a haƙe, zagayayye, zurfinsa ya kai ƙirjina. An gyara bakinsa sumul. A gefe ga buhunan siminti huɗu, ruwan sama ya mai da su duwatsu, na farko takardarsa ta ruɓe, na ƙarshe ana iya karanta ta.

Maigidana ya ce, "Duk shekara Baba yakan sayi ɗaya ya aje, ko za ki kawo. Ni na riƙe mishi igiya ya auna bakinta, wata rana kina rijiya. Ya ce in na hwaɗa miki bai yahe ba."

Na leƙa ciki. Damina ta wuce ba da daɗewa ba, kowane rami a ƙasar nan ya cika da yashi da ciyawa. Wannan babu ko tsinke. Aikin Baba ne, mutumin da a watanninsa na ƙarshe sai an riƙe shi yake zuwa masallaci.

Munka mirgino ta, ta zauna daidai, ko yatsa ba zai shiga gefe ba. Ni na kwaɓa simintin da munka zo da shi, ni na shafe.

Wanda duk ya bi ta fakon da ke arewa da garinmu ya ga siminti a ƙasa, ba dukiya ba ce, kada ya tona. Tsarabar Baba ce, ta cika. Allah ya sanyaya masa makwanci, ya yafe masa abin da ya ɗauko bai sani ba, ni kuma ya yafe mini abin da na riƙe bayan an gaya mini.